Kariya, Bishiyar da Gata ke Kashewa

Kariya ƙaramar bishiya ce ta busassun ƙasashe. Tana fitowa da kanta a tsakanin duwatsu da kan jigawa, tun daga Senegal, ta ratso ƙasar Hausa har Sudan da kudancin yankin Larabawa. Masana tsirrai na kiranta Adenium obesum. Gindinta a kumbure yake kamar tulu, a nan take ajiye ruwan da za ta ci rani da shi. Idan hunturu ya kama sai ta zubar da ganye, ta fito da fure ja-ja mai fari a ciki a kan rassa tsirara. Furen nan ne ke sa a ɗauko ta daga daji a kai tsakar gida, kuma daga ranar wahalarta ke farawa.

Ana shuka ta da iri ko da reshe, amma ta iri ta fi yin ƙaton gindi. Reshe sai ya kwana biyu a inuwa bakin yankan ya bushe, kafin a kafa shi a ƙasa mai yashi inda rana ke duka. In a tukunya ne, a kuma huda gindin tukunyar.

Cutar da ta fi kama kariyar gida ita ce yawan masoya. Maigida zai ba ta buta ɗaya da asuba. Uwargida ta ce ba da ita za a ce ba a son furen Alhaji ba, ta ƙara kwano guda. Amarya ta hango ta taga, ta fito da bokiti. Yara su juye mata ruwan wanke-wanke, baƙo ma ya tsuguna a gindinta ya yi alwala, wai kada ruwan ya tafi a banza. Ganye ya yi ɗorawa ya fara zuba. Nan maigida zai tara iyali ya yi ta faɗa, an bar masa fure da ƙishirwa, ya ba da umarni a ninka ruwan. Ranar da ya taɓa gindin yatsansa ya lume, saiwa ta daɗe da ruɓewa.

Daga nan zargi kan koma kan akuyar maƙwabta, baiwar Allah da ta fi kowa sanin kariya ba abin ci ba ce. Ruwan jikin bishiyar dafi ne, maharba sun daɗe suna shafa shi a kibiya. Wanda ya yanke reshe ya wanke hannu kafin ya taɓa ido ko tuwo, a kuma nesanta ta da ƙananan yara.

Ƙa'idar ban ruwanta gajeriya ce: sai ƙasar tukunya ta bushe ƙayau ake sake ba ta. Da damina a janye ta daga ƙarƙashin indararo. A gidan da ke da mata biyu kuwa, maigida ya riƙe butar da kansa.