Kada Ka Wanke Ta, Alhaji

A watan Fabrairun 2015 aka yi gwanjon wasu motoci a birnin Paris, irin waɗanda ko bakaniken da ya fi kowa haƙuri a Damagaram ba zai yarda a ajiye masa su a ƙofar gareji ba. Motoci ne kusan 60 da wani mai harkar sufuri, Roger Baillon, ya tara a gidansa na karkara a yammacin Faransa. Karayar arziki ta same shi, aka bar su ƙarƙashin rumfunan kwano shekara da shekaru, tsatsa na ci, ciyawa na hawa. Ɗaya daga ciki, Ferrari ƙirar 1961, a ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu aka tono ta. Haka aka kai ta kasuwa, ko lotsawar da nauyin takardun ya yi mata a baya ba a buge ba. Aka sallama ta a kan Yuro miliyan 16 da ɗoriya, wato sama da biliyan 10 na kuɗin CFA.

To, jama'ar Hamdara, ku matso kusa. In dai ƙura da tsatsa ake saye da irin wannan kuɗi, ashe mu ne manyan attajiran Nijar, labari ne bai iso mu ba. Daga Mirriya zuwa Gidimuni, da wuya ka ratsa gari ba ka hangi wata tsohuwar Fijo a gindin dogon-yaro ba, ta zauna daram a kan duwatsu huɗu, kaji na tono a ƙarƙashinta. Mai ita yana jin kunyarta, maƙwabta na yi masa shaguɓe. Domin shi aka yi wannan rubutu, ya san yadda zai riƙe kayansa da daraja ba tare da ya kashe ko dala ba.

Da farko ka janye hannunka daga bokiti. Masu sayen nan so suke su ga ƙura a inda ta kwanta, shi ya sa har a ɗakin gwanjo da ƙurarsu aka jera motocin Baillon. A nan Allah ya hutar da mu. Duk mutumin ƙasar Damagaram da ya san wuyar da ake sha kafin a cika jarka ɗaya da bazara, ba ya buƙatar wa'azi kan kada ya zuba wa ƙarfe ruwa. Hunturu kuma kowace shekara zai ƙara maka shafe guda kyauta, hazo daga Sahara kai tsaye, babu kuɗin duwan. Aikinka gadi ne kawai. Yaran nan masu rubuta "a wanke ni" da yatsa a gilashin baya ɓarnar dukiya suke yi, ka kai ƙararsu wurin iyayensu.

Na biyu ya fi wuya, domin ya shafi zuciya. Ranar da ka sayar da wake ko gyaɗa ka ji aljihu ya yi nauyi, Shaiɗan zai raya maka ka ja ta zuwa cikin birni a cike mata ramuka, a fesa mata sabon fenti. Ka yi ta'awwizi. Tsohuwar mota da sabon fenti tamkar dattijo ne da ya rina gemu: shekarun suna nan, kwarjinin ne ya tafi. A Pebble Beach ta jihar Kalifoniya, inda attajiran duniya ke taruwa kowane watan Agusta suna gasar ƙawar tsofaffin motoci, an saba wadda ta fi sheƙi ita ke tafiya da babbar kyauta. A 2024 sai alƙalai suka tsallake masu ƙyalli, suka miƙa ta ga wata Bugatti ƙirar 1934 da ta zo da koɗaɗɗen fentinta da tabon tsufanta, karo na farko ke nan da motar da ba a sabunta ba ta lashe gasar. Wata Bugattin kuma, ƙirar 1925, fiye da shekara 70 ta yi a ƙarƙashin tafkin Maggiore, tsakanin Italiya da Suwizalan. A 2009 aka tsamo ta, ɓari guda ya ruɓe, aka sayar da ita Yuro 260,500, wanda ya saya ya ajiye ta a gidan kallo yadda take. Taka da ta faɗa tabki sau ɗaya tak da damina, aka jawo ta da shanu, me ta yi da za ka raina ta?

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Masanan can suna da wata jarrabawa. Sai su buɗe gaban mota da tocila a hannu, su duba ko lambar inji ita ce wadda kamfani ya haɗa da lambar shasi ranar da aka ƙera ta, su bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya suna neman na asali. A nan ne tamu za ta sha tambayoyi.

Je ka tashar Mirriya ranar Lahadi, ranar kasuwa. In ka yi sa'a za ka tarar da Fijo 504 guda da ta rage a bakin aiki, ka tsaya ka ƙare mata kallo. Ƙofar direba fara ce, ta baya shuɗiya, sauran jikin kuwa ba ya amsa sunan kowane launi. In kana son ganin fentin kamfani sai ka ɗaga murfin but ka leƙa ta ciki. Abin murɗa gilashi ɗaya ne tal, yana aljihun direba, wanda zafi ya dama ya roƙa a miƙo masa, in ya gama ya mayar. Tankin mai ya daɗe da yin ritaya, jarka ce a gefen ƙafar fasinjan gaba, da siririn tiyo da ya zarce zuwa kafireta. Makulli babu. Wayoyi biyu ake haɗa wa baki, in sun ƙi, fasinjoji su sauko su tura, kuma ba a rage musu kuɗin mota. Yoyon lagireto da sabulu aka toshe shi. Inji na wata 505 ne da ta cika a hanyar Tanut, akwatin giya daga Kano aka sayo shi. Zakin da ke manne a goshinta kaɗai ake kyautata wa zato. Gwada ka tambayi dattijon da ke jan ta:

"Baba, akwai abin da ya rage na kamfani a jikin motar nan kuwa?"

"Yaro, hon ɗin ma ni na sa mata. Amma tun ba a haife ka ba take kai mutane Gure ta dawo. Je ka tambayo wadda aka bari da kayan kamfani, tana ina yanzu?"

Kada gabanka ya faɗi, akwai fatawa a kan wannan. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, ta ce mota na shiga sahun tarihi in ta kai shekara 30, kuma a yarjejeniyarta ta Turin, wadda ta fara aiki a 2013, ta yarda cewa sauye-sauyen da aka yi wa mota lokacin da take bakin aiki su ma shaida ne na tarihinta. Ke nan igiyar da ta ɗaure ƙofar baya kayan tarihi ce, haka guntun katakon da yaron mota ke dannawa ƙarƙashin taya a duk inda aka tsaya. Sharaɗinsu ɗaya ne ya kayar da mu, wai kada ta zama motar zirga-zirgar yau da kullum. Wannan sharaɗin ƙoshi ne. Ni a wurina, motar da ta kwashe shekaru tana barci ƙarƙashin mujallu ba ta kai wadda ta kai amarya ɗaki, ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare, ta ɗauko rake da kayan lambu daga Gidimuni, ta raka alhazai, ta kuma ɗauko gawa ba. Waccan ajiya ce kawai ta yi mata rana. Wannan kowace lotsawa a jikinta akwai wanda zai gaya maka ranar da aka yi ta da kuma wanda ke da laifi.

Sai salsala. Masu sayen nan labari suke saye fiye da ƙarfe. Cikin abin da ya ɗaga farashin Ferrarin Baillon har da cewa ɗan wasan fim Alain Delon ya taɓa riƙe ta. Don haka ka tanadi labarin taka, amma ka yi hattara da ƙaryar da za a kama ka tun ba ka rufe baki ba. Kada ka ce motar Sarki Tanimu ce. Sarkin da ya kewaye Birnin Damagaram da ganuwa ya rasu a 1884, shi kuwa Karl Benz sai a 1886 ya yi rajistar motarsa ta farko. Kada kuma ka ce tana cikin ayarin da ya ratsa Damagaram a ƙarshen 1924, lokacin ita ce babban birnin Nijar, kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Waɗancan Citroën ne guda 8 masu sarƙa a madadin tayoyin baya, sun taso daga Aljeriya sun nufi tafkin Cadi, ba su bar ko ɗaya a Hamdara ba.

Gaskiyar ma ta isa. Fijo 404 a 1960 ta fito, 504 ta biyo ta a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Taka ta iso nan ne ta ɗaya daga hanyoyi uku. Ko dai ƴar Kaduna ce, daga masana'antar da aka buɗe a 1975, wadda ta ci gaba da haɗa 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Ko kuma ta keto hamada ne, domin a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar Fijo da arha, su biyo ta Tamanrasset, Asamaka, Arlit har Agadas, su sayar da ita su koma gida a jirgi da ribar yawon buɗe ido. In ba haka ba, ƴar Kwatano ce, ta jirgin ruwa ta zo. Abin da ya sa suka daɗe kuwa ba asiri ba ne. Cikinsu ya ɗaga daga ƙasa, tayoyin baya ke jan su, ga inji marar kwamfuta wanda bakanike zai warware a gindin itace da sifana biyu da guduma, ya mayar kafin la'asar.

Ka kuma koyi tsayuwar masana. In baƙo ya zo kallo, ka goye hannu a baya, ka zagaya ta a hankali, ka rage magana. Kada ka bari ya shuri taya, tana iya amsawa. In ya tambaya tana tashi, ka dube shi da tausayi ka ce ba a yi wa irin wannan mota irin wannan tambaya. Uwargida ce babbar matsala, ita da ta daɗe tana cewa a kawar da ita a samu wurin ɗaure awaki. Ka lallaɓa ta, ka bar mata kujerar baya kazarta ta ci gaba da ƙwai a ciki, ai masana ma ba su hana ba.

Wuri ɗaya ne zan ajiye raha. Birki da taya da fitila ba sa cikin kayan tarihi. In motarka tana hawa babbar hanya ɗauke da bayin Allah, birkin da sai an taka shi sau uku ana salati kafin ya kama ba abin alfahari ba ne, kuma jandarman da ya tsayar da kai a kansa ya yi daidai. Ka bar mata tsatsarta da fentinta, ka gyara abin da ke tsayar da ita. In babu halin gyaran, ta koma kan duwatsunta, a can ba ta kashe kowa.

Sai babban abokin gaba, wanda ya fi wanki da fenti haɗari: ɗan gwangwan. Zai zo da sikelinsa da murmushi, ya yaba maka, ya yi maka lissafi a kan kilo, kafin azahar ya sa mata wuta ya yanka ta gunduwa-gunduwa, a loda a babbar mota a yi kudu da ita a narke. Haka 404 mai tamfol ta kusa ƙarewa a idonmu, ita da a da babu kasuwar ƙauyen da ba ta ci. Ban ce wani zai taso daga Paris da biliyan 10 ya nemo ƙofar gidanka ba, kada ka ci bashi da wannan zato. Amma ƙasar da ta ɗauki busasshen itacen Tenere, wanda wata babbar mota ta kayar a 1973, ta kai shi gidan tarihi na Yamai ta gina masa rumfa, ba za ta rasa inuwar da za ta ba motar da ta yi wa talakawanta bauta shekara da shekaru ba.

Kafin masu iko su farga, Alhaji, nauyin a wuyanka yake. In ɗan gwangwan ya yi sallama, ka amsa masa, ka ba shi ruwa ya sha, ka sayar masa da tsohuwar buta da ɓallen garma ya kama hanya. Ita kuwa ka sa yara su ɗauke ta hoto gaba da baya, ka kira tsohon direbanta tun yana da rai ya faɗi inda ta fito da inda ta je, a rubuta a ajiye tare da takardunta.