Zakaran Fasto

Akwai wata magana da ta zauna mini a baki kamar goro, ita ce "a sa ni cikin addu'a." Ina faɗa wa fasto a ƙofar majami'a, ina faɗa wa matan zumunta in sun tashi daga koyon waƙa, ina faɗa wa maƙwabcina Alhaji in ya ɗauki buta. Har mai gyaran babur na taɓa faɗa wa, shi kuwa hannu duk baƙin mai, ya ce to ba tare da ya ɗago kai ba. Wata rana na ƙirga, kafin la'asar na ba mutum tara kwangilar roƙa mini Allah a kan kuɗin sallamata da suka maƙale. Na kwanta da daɗin rai irin na wanda ya wuni yana aiki. Sai can tsakar dare abin ya faɗo mini: cikin duk masu hannu a maganar nan, ni kaɗai ne ban ce wa Allah komai ba.

Kada a zaci rashin sani ne. Ni dattijon ikilisiya ne, na daɗe ina koyarwa a makarantar Lahadi, kuma darasin da na fi gwaninta a kai shi ne na labulen Haikali. Ko daga barci ka tashe ni zan zayyana maka. A Haikalin Urushalima akwai ɗaki na can ciki, Wuri Mafi Tsarki, labule ya raba shi da sauran. Babban firist kaɗai ke shiga, shi ma sau ɗaya a shekara, Ranar Kafara, da jinin hadaya da hayaƙin turare. Matiyu da Markus da Luka duk sun rubuta cewa labulen ya tsage a ranar da Yesu ya mutu a kan gicciye, biyu na farko har sun ce tun daga sama tsagin ya faro. Ma'ana, an biya bashin zunubi, hanya ta buɗe, talaka ya shiga da ƙafarsa cikin sunan Almasihu. Don yara su gane, na taɓa yaga tsohon zanen uwargida a gabansu. Darasi ya shiga ƙwarai. Da yamma aka sanar da ni cewa zanen ba tsoho ba ne.

To, mai irin wannan ilimi me ya kai shi neman ɗan aike? Na yi ta tunani, na gano aikin gwamnati ne ya lalata ni. Shekara 35 na yi ina kallon yadda fayil ke tafiya. Ba ya tafiya da ƙafarsa. Sai ka san masinja, masinja ya san sakatare, sakatare ya san lokacin da maigida ke cikin raha. Wanda ya shiga kai tsaye ya ƙwanƙwasa, muna kallonsa muna tausaya masa, mun san baƙo ne. Tun kafin ofis ma haka muka ga fada: ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka wuce zaure bayan zaure, ka zube ka yi gaisuwa, fadawa ne za su amsa maka cewa sarki ya gaishe ka. Mutumin da ya girma a haka, ka ce masa Sarkin sarakuna ba shi da maigadi, zai ce amin da ƙarfi, amma a ransa yana cewa ai dai ba a rasa wanda ya fi kusa.

Saboda haka na tsara masu kusa ɗin daki-daki, kamar yadda ake tsara ma'aikata. Ƙananan al'amura, ciwon baya ko kuɗin makaranta, na matan zumunta ne. Masu nauyi na fasto ne. Wanda ya gagari kowa kuma sai Inna, mahaifiyata, wadda a lissafina takardarta ba ta kwana a kan tebur. Ta koyi karatu ne a ajin mishan a ƙauyenmu, Littafinta kuwa tsohuwar fassarar nan ce ta 1932 da Likita Mila ya sha wahala a kai, bangonsa ya tafi tuntuni, ta ɗaure shi da tsumma. Ba ta da muryar addu'a ta musamman. Tana tsince wake tana magana da Ubangiji kamar maƙwabciya ta kan katanga, har da ƙorafi, har da dariya. Ranar da na kai mata maganar kuɗin, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, bakinka ciwo yake yi? Ni ɗin da ka aiko, ai ta ƙofar da aka buɗe maka nake shiga." Na yi dariya, na ajiye mata sabulu da sukari. A raina na ce tsufa ne.

Na fasto ya fi muni. Da wata shida suka wuce shiru, sai na kama babban zakarana, ja, mai zankaye, na ɗaure masa ƙafa na rataya a babur. Ni da nake iya faɗa maka cewa a 1517 ne Martin Luta ya ta da ƙura a Jamus a kan sayar da takardun gafara, ni ne ga ni a ƙofar gidan fasto da na goro mai fuka-fuki. Na yi bayani, ya saurara, yaro ne sa'ar ɗana na biyu amma akwai natsuwa. Da na gama ya ce, "Baba, za mu yi addu'a. Amma kai ka gaya masa?" Na ce ai na rubuta masa har sau uku, sakatarensa ne ke ɓoyewa. Ya yi shiru. Ya sunkuyar da kai yana kallon zakara, kafaɗunsa na rawa. Sai a sannan na gane ba darakta yake nufi ba. Ya yi mini addu'a gajeriya, ya rako ni, ya rataya mini zakaran da hannunsa, ya ce a kai gida, in da rabo zai yi mini amfani.

Wanda ya san ni a taro zai ce ƙarya nake yi wa kaina, don in aka ce dattijo ya buɗe mana da addu'a, nan ake ganin aiki. Ina da wata murya da nake ajiyewa domin wannan, mai kauri, mai ɗan rawa a ƙarshe. Ina farawa daga halitta, in bi ta Bahar Maliya, in tsaya a Kalfari in yi godiya domin ceto da kalmomi masu nauyi, ina kasa kunne in ji inda amin ta fi yawa don in ƙara maimaita wurin. A wani bikin suna na yi addu'ar abinci har miya ta yi sanyi, man ja ya daskare a kai. A hanyar gida uwargida ta ce, "Maigida, addu'a ta yi kyau. Da wa kake magana?" Na ce wace irin tambaya ce wannan. Ta ce a'a, ta ga dai duk abin da na faɗa Allah ya riga ya sani, amma baƙin da suka zo daga birni sun ƙaru.

Gaskiyarta, kuma akwai abin da ba ta faɗa ba. Godiyar da nake yi domin ceto, kirarin maroƙi ce. Ka san maroƙi ba ya fara da roƙo, sai ya wasa ka, ya ambaci kakanninka, ya ga ka yi laushi, sannan ya miƙo hannu. Haka nake. In ce na gode da ka fanshe ni, ina faɗa ina hango jerin da ke tafe: kuɗin sallama, rufin ɗaki, aikin yaron nan. Abu mafi girma da aka taɓa yi mini ya zama sallamar shiga gida.

In kuwa ni kaɗai ne a ɗaki, muryar nan ba ta zuwa. Sai in durƙusa a bakin gado, in ce Ya Uba, in ji ɗakin ya yi faɗi. Kafin in kai jimla ta uku na tuna ban rufe akurki ba. In dawo, in sake farawa, in tuna wani da ya ci mini mutunci a ofis tun zamanin soja, in tsara amsar da ta kamata in ba shi. Sau da yawa farkawa nake yi da shatin tabarma a goshi, in ce amin don kada aikin ya tashi a banza. Na daɗe ina lallashin kaina da cewa Bitrus da Yaƙub da Yohanna ma sun yi barci a Gatsemani, har sau uku aka same su. Abin da ba na so in tuna shi ne, su dare ɗaya suka yi.

Kuɗin dai sun fito, wata Talata, waya ta yi ƙara ina cikin cin ɗumame. Ka san abin da na fara yi? Na sayi shadda yadi goma na kai wa wani tsohon abokin aiki da ya yi alkawarin tura fayil ɗin. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce ai yi wa kai ne. Bayan mako biyu na ji cewa an yi masa canjin wurin aiki tun kafin fayil ɗin ya iso hawansu. Ran Lahadi kuma na tashi ba da shaida. Na gode wa fasto, na gode wa matan zumunta, na gode wa Inna, na gode wa mai shadda, ina cikin gode wa matasa mai jagorar sujada ya kaɗa ƙararrawa. Na zauna ana tafi. Jikata, 'yar shekara bakwai, ta matso ta raɗa mini, "Kaka, ka manta mutum ɗaya." Na ce wa? Ta nuna sama da leɓe, kamar yadda kakarta ke nuna mai bashi. Labarin kutare goma da aka warkar, ɗaya tak ya komo ya yi godiya, ni na koya mata shi. Kullum in ina koyarwa, a gefen na ɗayan nake tsayawa.

Ita ce kuma ta ƙarasa ni wani dare. Ubanta ya zo, muna zaure da baƙi ana maganar manya, sai ga ta a guje, ba sallama, ba tuɓe takalmi, ta haye cinyarsa tana cewa Abba, Abba, ƙaya ta soke ni. Ya katse maganarsa ya duba ƙafar. Kalmar da Markus ya ce Yesu ya kira Allah da ita a lambun Gatsemani ke nan, wadda Bulus ya ce mu ma an ba mu izinin faɗa, ga ta a bakin 'ya'yan Hausawa kullum ba sai an fassara ba. Na zauna ina kallo, ina tunanin da ni ne da na aiko wani ya fara duba ko Abba yana cikin raha.

Ba wai neman addu'ar 'yan'uwa laifi ba ne. Bulus kansa ya yi ta roƙon ikilisiyoyi su yi masa, kuma na san ranakun da ciwo ko baƙin ciki ke rufe bakin mutum, sai wasu su ɗauke shi. Nawa daban ne, ni lafiyata ƙalau. Da na bincika sai na ga tsoro ne da girman kai suka haɗu. Ɗan aike yana kai buƙata ne kawai, ba ya kai halinka. In ka shiga da kanka, ba babbar riga, ba muƙamin dattijo, wanda ke ciki ya san zancen da ka yi jiya da wanda ka ƙi gafarta wa. Sannan kyauta tana da nauyi ga mutumin da ya saba biya. An ce araha ba ta ado, mu kuwa ceton da ba a karɓi ko sisi a kai ba yana sa mu tsargu, sai mun ɗan ɗora wani abu a kai hankalinmu ke kwanciya. Ina jin shi ya sa ba na iya yi wa masu bin gidajen addu'a da kwalaben mai dariya yadda nake yi da. Su mota suke shiga, ni babur na hau, bambancin ke nan. Kuma in ka lura, zuwa da kai ya fi saƙo karin magana ce da kowa ke faɗa wa wani.

Inna ta rasu da damina. Bayan an watse daga zaman makoki wata damuwa ta taso, na ɗauki waya don in kira ta, har na lalubo lambar. Daren nan na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ban yi muryar taro ba, ba ta ma zo ba. Na ce ga ni, ni ne wanda ake ta kawo maganarsa. Na yi godiya domin an cece ni, na tsaya nan, ban ɗora komai a baya ba, ko da yake rufin ɗakin yana zuba a daidai lokacin, kuma sai da na cije. Duka-duka bai fi minti huɗu ba.

Ba zan ce na warke ba. Jiya ma na faɗa wa mai gyaran babur, shi kuma ya ce to. Sai dai zakaran da fasto ya mayar mini yana nan, ya zaɓi gindin tagata ya mai da wurin aikinsa, da asuba ba ya fashi. Wasu ranakun in tashi in durƙusa, wasu ranakun in jefe shi da takalmi. Uwargida ta ce shi za a yanka ran Kirsimeti. Har yanzu ban ce a'a ba.