Lissafin Dokin Rano a Ɗakin Tattabaru

Duk wanda ka ga ya shigo unguwa da kwali mai huji-huji ɗaure a bayan babur, yana murmushi shi kaɗai, tambaye shi abin da ya ɗauko. Zai ce maka jari ne. Magidanci mai gemu ba ya yarda ya ce tsuntsu ya burge shi, sai ya fake da sana'a. Zai zaro biro ya zaunar da uwargida, ya fara yi mata lissafi a bayan takardar kuɗin wuta: aure ɗaya ya ba da biyu, biyun su ba da huɗu, kafin babbar salla an biya kuɗin makaranta, kafin ta zagayo an fara cigiyar fili. Ni dai matsayina a kan wannan magana ɗaya ne, kuma a shirye nake in kare shi a kowace majalisa: kiwon tattabara a gidan birni sha'awa ce tsagwaronta, kuma rabin wahalar da mai ita ke sha daga ƙin faɗin haka take tasowa.

Mu fara da ita mai aikin, wadda ba a nemi shawararta ba lokacin da ake lissafi. Tattabara ƙwai biyu take yi, ba ta ƙarawa don ganin halin da maigida yake ciki. Ita da mijinta za su kwanta a kansu kwana 18, shi ya karɓi aikin rana ita ta kwana, sannan su shafe kusan mako huɗu suna ɗura wa 'yan shila abinci baki da baki kafin su isa a kalle su da sunan nama. Wanda aka bari ya girma kuwa sai ya yi wajen wata shida kafin ya fara tunanin iyali. A gonar da ake kula da su kamar masu jego, aure ɗaya kan ba da 'yan shila kamar 12 a shekara, alhali kazar gidan gona tana zuba ƙwai kusan 300 ba tare da ta nemi a yaba mata ba. Ta fannin ci kuma tattabara ba ta da kawaici: kowace ɗaya tana buƙatar tsaba kamar giram 30 a rana, wato guda 20 za su tashi da kilo 18 na gero ko dawa duk wata, a garin da mutanen gida ke kallon kwanon awo da addu'a. Wannan fa duk kafin masu hannun jarin da ba a rubuta sunayensu a takardar ba su zo karɓar rabonsu. Muzuru yana da kaso, kuma ba ya jiran ƙarshen shekara. Shaho yana da kaso. Gafiya tana shiga da dare ta yi nata binciken, yaron maƙwabta mai danƙo yana jiran ranar Asabar, sannan ga ciwon nan mai murɗe musu wuya, wanda idan ya shiga ɗaki sai ya yi musu yayi. Idan aka zo rabon riba, maigida ne na ƙarshe a layi, kuma abin da ke isowa hannunsa tsintsiya ce.

Amma duk waɗannan ƙananan asara ne. Babbar ita ce wadda kowane sabon shiga ke faɗawa a watansa na farko, kuma tafiyarta iri ɗaya ce ko a wane gari. Mutum ya je 'yan kaji ko gidan wani tsohon mai kiwo, ya zaɓi manya, ƙosassu, masu sheƙin wuya, domin shi ba ya son jira. Mai sayarwa ya shafa bayan tsuntsuwar ya ce, "Alhaji, ai wannan 'yar gida ce, ba ta da yawo." Kuma wallahi gaskiya ya faɗa, sai dai bai ce gidan wa ba. A kai su gida, a ba su gero mai kyau da ruwa mai sanyi, a kira yara su zo su gani. Bayan kwana uku tausayi ya kama maigida, ya ce a buɗe musu su sha iska. Su tashi su hau kan kwano, su yi zagaye biyu a sama kamar masu godiya, su miƙe gabas. Magariba ta yi, isha ta yi, mutum yana tsaye tsakar gida da kwanon tsaba yana karkaɗawa, uwargida tana leƙowa ta taga ba ta ce komai ba, wanda ya fi a ce ta yi magana ciwo. Washegari ya koma wurin mai sayarwa, ya hango tattabararsa a kan katanga tana gyaran gashi, ya ce, "Malam, ai ga tawa can." A amsa masa cikin ladabi: "Allah sarki, Alhaji, ai tattabaru kama suke yi. Amma idan wannan ta kwanta maka, sai mu yi ciniki." Akwai tattabarar da ta fi mai ita sanin hanyar kasuwa.

Ba na ganin laifin tsuntsuwar ko kaɗan, domin wannan ɗabi'a ita ce dukan darajarta a tarihi. Sarki Nuruddin Zangi a ƙarni na 12 ya shimfiɗa gidan waya na tattabaru tsakanin biranen Sham, sarakunan Masar na bayansa suka faɗaɗa shi. A 1850, Paul Reuter, wanda kamfanin dillancin labarai na Reuters ke ɗauke da sunansa, da tattabaru ya riƙa aika farashin hannun jari daga Brussels zuwa Aachen, inda wayar tangaraho ba ta riga ta haɗe ba. Dukansu a kan abu guda suka dogara: tattabara ba a aikenta wani wuri, gida kawai take komawa. Sai ka ɗauke ta a kwando ka kai ta nesa, ka ɗaura mata wasiƙa, ta koma inda ta sani. To abin da sarakuna suka gina mulki a kansa shi ne sabon mai kiwo ke fatan kwanon gero ɗaya zai goge. Dabarun da ake yi sanannu ne: a kulle su makonni, a ɗaure fiffike ko a fige gashinsa, a jira sai sun yi ƙwai don ƙwan ya riƙe su. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma gashin ya tsiro, tsuntsuwar ta gwada shi ta ga ya yi ƙwari, ta tafi da ƙibar da ta yi a gidanka. Shawarar da ta fi kowace arha ita ce a sayi ƙanana waɗanda ba su taɓa tashi a wani gida ba, su buɗe ido su ga katangarka. Sai dai wannan yana buƙatar haƙurin wata shida, kuma mai lissafin fili ba shi da shi. Mai sha'awa ne kaɗai zai iya zama yana kallon ɗan shila mai tsikar gashi yana girma ba tare da ya duba kalanda ba.

Na san abin da za a jefo mini daga bayan majalisa, domin labarin ya zagaya wayoyi: ai an sayar da tattabara ɗaya a Turai a kan kuɗin da zai sayi unguwa. Haka ne. A watan Nuwamba na 2020 an yi gwanjon wata mai suna New Kim a Beljiyam, wani ɗan ƙasar Sin ya saye ta Yuro miliyan 1.6, bayan wani namiji mai suna Armando ya tashi a kan miliyan 1.25 a 2019. Sai dai a duba abin da aka saya. Waɗannan 'yan tsere ne masu zobe a ƙafa da takardar asali ta kaka da kakanni, daga ƙasar da ake loda tattabaru a manyan motoci a kai su har Basalona, a sake su su yi kilomita wajen 1,000 zuwa gida, ana auna lokacin isowarsu da na'ura. Masu su har raba namiji da matarsa suke yi kafin tsere don ɗoki ya ƙara masa sauri. Masu sayen kuma jini suke saye, domin a Sin ana zuba maƙudan kuɗi a gasar. Taka tattabarar, ɗan'uwa, iyakar tserenta daga kan kwanonka zuwa shanyar Hajiya ta gidan baya, kuma wanda ke auna lokacinta Hajiyar ce da muciya a hannu.

Wannan ya kawo mu ga hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: wai tattabara ita ke ciyar da kanta, ga nama, ga taki. A nan dole in sassauta murya, domin akwai inda maganar ta tabbata. A ƙauyukan Masar har yau ana gina dogayen hasumiyoyin laka domin tattabaru, kuma ɗan shila da aka cusa wa shinkafa ko alkama abincin alfarma ne a Alƙahira. A kewayen Isfahan ta Iran an gina irin waɗannan hasumiyoyi tun zamanin Safawiyawa, musamman don a tara kashin a kai gonakin kankana da danginta. Manomin karkara a ƙasar Hausa wanda ya rataya tsofaffin tukwane a jikin rumbu, tsuntsayensa suna kalar abin da ya zube bayan girbi, shi ma bai yi asara ba, kuma 'yan lambu ba sa raina wannan taki. Abin da ya haɗa su duka shi ne fili da gona. A Fagge ko Tudun Wada, inda taga ke kallon taga, ciyar da kai yana nufin geron da maƙwabciya ta wanke ta baza don kunu, takin kuma yana sauka ne a kan farar shaddar da maƙwabci ya shanya don Juma'a. Riba ce, ban musa ba, amma irin wadda ake ƙirgawa a gidanka a biya a gidan wani, har ranar da za a aiko yaro ya ce mai unguwa yana sallama. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da sanin mutumin da ke kan soro yana kaɗa tsumma: Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya lissafa wasa da tattabara cikin abubuwan da ke taɓa mutuncin mai ba da shaida. Malamai sun bambanta mai ajiye su don ɗebe kewa ko kiwo da mai yini a sama yana tashinsu yana leƙa gidajen mutane, amma ko banza abin lura ne a ce tsuntsun da ka saya don ya yi maka arziki yana iya sa alƙali ya yi maka kallo na biyu.

Wani zai ce, to idan babu riba ai sai a bari. A nan ne na rabu da masu wannan ra'ayi, domin ban ga dalilin da zai sa komai sai ya haifi kuɗi kafin a ƙyale mutum ya so shi ba. Mai kallon ƙwallo ba ya kawo wa gida ko sisi daga Ingila, kuma ba wanda ya ce ya kawo takardar lissafi. Sarki Akbar na Indiya, kamar yadda marubucin fadarsa Abul Fazl ya bayar, yana da tattabaru fiye da 20,000, ba kuwa don kuɗin cefane ya gaza ba. Charles Darwin ya kiwata su a gidansa, ya shiga ƙungiyoyin masu kiwo a Landan, ya cika farkon littafinsa na 1859 da zancensu. Mike Tyson, wanda ya yi suna da kifar da ƙarti, ya sha faɗin cewa faɗansa na farko tun yana yaro a kan tattabararsa ya yi shi. Tsuntsuwa ce mai aure ɗaya, mai shan ruwa ba tare da ta ɗaga kai ba, wadda namijinta ke kumbura wuya yana zagaya matarsa yana guɗa kamar yau ya fara ganinta. Wanda ya dawo daga kasuwa da ciwon kai ya zauna yana kallon wannan minti ashirin ya samu abin da ya biya. Kuma da zarar ya amsa sunan abin, sai dabara ta dawo masa. Zai tsaya a aure uku ko huɗu, ya ware musu kuɗin tsaba kamar yadda yake ware na kati, ya ciyar da su su ƙoshi kafin ya buɗe ƙofa don shanyar mutane ta huta, ya sa musu tsakuwa don ƙundu, ya toshe ramin gafiya da siminti. Zai gina ɗakin nesa da tagar kwana, ya yayyafa ruwa ya rufe hanci kafin shara, domin ƙurar kashi da gashinsu tana jawo ciwon huhu da likitoci suka sani sarai. Mai jari ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi yawa yake nema, sai ya tara hamsin a wurin goma, ciwo ya shiga ya yi masa ragi.

Saura hujjar nama, kuma ita ce ta fi ba ni dariya, domin ita ke tona asiri. Farfesun 'yan shila abu ne mai daɗi, ana yi wa mara lafiya da mai jego da babban baƙo. To a jira ranar da surukin maigida zai zo daga ƙauye, uwargida ta ce, "Malam, a kamo mana biyu daga cikin jarin nan." Nan take za ka ji tarihin kowace. Wannan Fara ce, ita ta fara ƙyanƙyasa a gidan. Wancan Sarki ne, ba a taɓa shi. Waɗannan biyun ba su yi ƙwari ba, waɗancan kuma sun wuce lokaci, namansu ya yi tauri. Na kan ƙwai ai zalunci ne, marainiyar can kuma da hannunsa ya ɗura mata gero har ta rayu. A ƙarshe mai jari zai shura takalmi ya hau babur ya tafi kasuwa, ya sayo 'yan shila biyu na wani da kuɗin aljihunsa, a fige su tun a can don kada na gida su gani. Idan kuma tsautsayi ya sa ya hangi wata mai gashi har ƙafa a kejin mai sayarwa, to da kwali biyu zai dawo.