Ɗan Fiyano na Illela: Siffofinsa da Ɗabi'unsa

Ɗan fiyano wani nau'in matashi ne da ake samu a Illela, kan iyakar Najeriya da Nijar, galibi a shagon samari da ke jikin zaure. Ana gane shi da baƙin gilashi ko da tsakar dare, da laƙabin "Furodusa" wanda shi ya raɗa wa kansa. Kayan aikinsa uku ne: fiyano ƙirar Yamaha mai maɓalli 61 na gwanjo, kwamfutar cinya da batirinta ya daɗe da rasuwa, da igiyar da ke haɗa su. In an tambaye shi inda ya samo su, sai ya ce Ƙonni ta Nijar, domin a ganinsa kaya ba su cika daraja ba sai da sefa aka biya.

Abin da ke bi ta igiyar nan shi ake kira MIDI, ƙa'idar da ta fito a 1983 bayan Dave Smith Ba'amurke da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland na Japan sun dage sai na'urorin kiɗa na kamfanoni daban-daban sun ji yaren juna. MIDI ba ta ɗaukar sauti. Gulma kawai take kaiwa: wane maɓalli aka danna, yaushe aka sake shi, da wane ƙarfi, daga 0 zuwa 127. Kwamfuta ke juya gulmar ta zama ganga ko sarewa. Ɗan fiyano bai taɓa jin labarin lambobin da ke ƙasa da 127 ba.

Manhajar da ya fi so ita ce FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda wani abokinsa ya zuba masa kyauta. Ga mai neman koyo, amfaninta a fili yake. Tana da agogo mai ƙas-ƙas da ke riƙe wa hannu lokaci, ana iya rage saurin kiɗa har yatsu su saba, kuma duk abin da aka kaɗa yana bayyana a allo kamar jerin ashana, kuskure ba shi da wurin ɓuya. Sai dai a makonsa na farko ɗan fiyano ya gano umarnin da ke jera ashanar nan daidai ba tare da guminsa ba. Daga ranar koyo ya ƙare. Yatsa ɗaya ke aiki, tara suna hutu. Idan baƙi suka shigo kuwa, yakan danna maɓallin gwaji da kamfani ya adana wa kiɗa, ya lumshe ido, ya riƙa shafa fiyanon yana gyaɗa kai.

A da, yaron makaɗi kan yi shekaru yana ɗaukar kayan kiɗa da yin amshi kafin a ji muryarsa ita kaɗai, kamar yadda aka sani a gidajen irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Ɗan fiyano mako uku ke isarsa, har ya ɗauki yaro.

Lokacin atisayensa ba shi ke tsara shi ba, wuta ce. In ta zo ƙarfe biyun dare, ƙarfe biyun dare unguwa za ta sha kiɗa. Ranar Lahadi kuma, ranar kasuwa, yakan wangale ƙofa ya juya sifika waje, ko Allah zai sa cikin fataken shanu a sami mai ɗaukar nauyin kundi. Wani lokaci dattijon maƙwabci ya leƙo ya ce, "Kai yaro, wannan abu kiɗa yake ko ciwo?" Amsar ba ta sauyawa: "Baba, ai ba a gama haɗawa ba ne." Ba a taɓa gamawa ba.

Kamfani ya yi wa fiyanon wata 'yar kafa ta cusa abin sauraro na kunne. Da zarar an cusa, sifikar jikinsa ta yi shiru, makaɗi ya ji abinsa shi kaɗai, jaririn gida ya yi barci. A fiyanon ɗan Illela, zanzaro ya daɗe da toshe kafar da laka.