Neman Gonar da Ba Ta da Maƙwabci

Abin da ya kore ni daga Kurna bai wuce indararo ba. Maƙwabcina na gabas ya mayar da gidansa bene, ya saito bakin indararonsa daidai kan murhun uwargida. Na yamma yana da janareto wanda ba ya tashi sai na kwanta. Na bayan gida kuwa akuyoyi gare shi, kuma a ganinsa duk zogalen da ya tsiro a unguwar, don su Allah ya tsiro da shi. Mun yi ta zama gaban mai unguwa har yaransa suka san cokali nawa na sukari nake sha a shayi. Da na ajiye alli garatuti ya fito, sai na ce Kano ta ishe ni, zan nemi fili inda ko atishawa na yi babu mai ji.

Wani tsohon abokin aiki, mutumin Kabi, shi ya ce in nufi Bagudo. Na duba taswira na ga gaskiyarsa: ƙaramar hukuma ce a jihar Kebbi, kogin Kwara ya ratsa ta, bayanta sai Jamhuriyar Benin. Ga Lolo, ga Tsamiya da ake bi a shiga Segbana. Sunan Matsinkai ne ya kwanta mini, don ban taɓa jin wani ya ambace shi a rediyo ba, kuma ni a wurina wannan babbar shaida ce.

Dillalin da aka haɗa ni da shi yana jin Hausa, Fulatanci da Dandanci, yana kuma iya zagin babur da Faransanci. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, mi kaka so?"

"Wurin da babu mutane."

Ya yi shiru. "Babu mutane? Kai mi kay yi musu?"

Fadama ya fara kai ni, da rana tsaka. Kore shar, iska mai sanyi, babu motsin kowa. Na ce a bar ni in kwana a bukkar mai gadi in ji yadda daren yake. Kafin assalatu injin ban-ruwa na farko ya tashi, na biyu ya amsa masa, kafin gari ya waye fadamar gaba ɗaya ta ɗauka. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen noman shinkafa a Kebbi a 2015, duk mai ɗan taƙi a bakin ruwa ya zama manomin rani, kuma manomin rani ba ya rabuwa da inji. Da hantsi ya yi sai ga rundunar yara masu korar jan-baki, kowa da gwangwani da tsakuwa a ciki, suna ihu iya ƙarfinsu tun daga wannan kunya har waccan. Wai aikinsu ke nan har a yanke shinkafa. Ina cikin toshe kunne na hango wani zane mai duhu a jikin bishiya, ya fi tsayina. Na tambaya. Dillali ya ce a nan ruwan 2020 ya tsaya, amma kada in damu, ba kowace shekara ba ce.

Na ce a kai ni tudu. Aka nuna mini wani fili dogo, miƙaƙƙe, babu ko shuka ɗaya, farashinsa kamar kyauta. Ina auna inda zan kafa rumfa sai ƙura ta turnuƙe daga arewa. Burtali ne. Na tsaya bayan wata sabara shanu suna wucewa ta dama da hagu, wani ɗan Bafulatani da sanda a kafaɗa ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambaye ni ko ɓata na yi.

Wuri na uku shi ne ya shiga raina. Mun yi tafiya a kan babur har bayana ya daina sanin nawa ne. Jigawa ce mai ɗorawa da kaɗanya, babu gida ko ɗaya a iya ganin ido. Na ciro waya in yi wa uwargida albishir, sai na tarar da saƙo da Faransanci yana mini barka da zuwa Benin. Dillali ya ce a'a, ƙafata tana Nijeriya, iska ce kawai ta ƙetaro. Iyakar nan dai Ingila da Faransa suka shata ta tun yarjejeniyar 1898, kuma da alama ba su nemi shawarar kowa a wajen ba, don mutanen can da na nan auratayya suke yi, kasuwa ɗaya suke ci, naira da sefa a aljihu ɗaya.

Daren farko na yi barci mai daɗi har wajen ƙarfe ɗaya. Daga nan babura suka fara wucewa, babu fitila, kowane da kaya ya fi mai tuƙin tsawo. Da safe na yi ƙorafi, dillali ya ce ai yanzu an samu sauƙi, da na zo lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, har aka hana kai mai garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, da na ga kasuwa. Na haƙura, na ce masu wucewa ba maƙwabta ba ne. Na ba da kafin alƙalami.

Nan fa gizo ya yi saƙa. Da aka zo nuna iyaka sai ga dattawa uku, ban san ta inda suka ɓullo ba. Na farko ya ce gonar ta tsaya a wancan suri. Na biyu ya ce gara ba ta san gado ba, iyaka tana ga layin gamba da kakansa ya dasa. Na uku bai damu da ƙasar ba ko kaɗan, ya dafa ɗorawar da na yi niyyar shimfiɗa tabarma a gindinta ya ce, "Ƙasa taku ta, icce nau na." Wato gona tawa, amma kalwa tasa, kuma matan gidansa za su riƙa zuwa ɗiba. Kaɗanyar ma akwai mai ita.

Muka ɗunguma gaban Maigari. Ni kuma da yake tsohon malami ne, na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izini." Ya saurare ni har na gama, ya ce madalla, to ko gwamnan ya san wanda ya dasa gambar?

Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne dalilina. Da dillali ya bayyana cewa Bakanon nan kaɗaici yake nema, sai fadar ta yi tsit. Wani tsoho ya matso ya tambaye ni a hankali ko bashi ne. Wani ya ce ko iyali ne suka yi yaji, in haka ne akwai bazawara mai hankali a Geza. Maigari ya yanke cewa ba a barin baƙo shi kaɗai a daji, abin kunya ne ga gari. Aka ba ni samari biyu su riƙa taya ni hira, ɗaya yana da rediyo, ɗaya yana koyon gurmi. Fura ta riƙa zuwa daga gidaje, kowace ƙwarya da mai rakiyarta, kowane mai rakiya da tambayarsa.

Na tattara na koma gida in yi shawara. Kuɗina dai yana can, dillali ya ce ba a mayar da kafin alƙalami sai an gano mai gonar. Shekaranjiya ya kira ni da wata lamba ta Benin: an samu na huɗu, ɗan'uwan mai gamba ne daga Segbana, ya zo da takarda da Faransanci. An sa zama ranar kasuwa mai zuwa, kuma tunda ni ne mai ƙara yanzu, in taho da goro.