Na Tura, Ka Duba

A da mai son cin banza sai ya sha wahala. Sai ya ari babbar riga ta sha bugu, ya nemo makullin mota ko da motar ta maƙwabci ce, sannan ya haddace sunayen manya biyu-uku da zai riƙa jefawa cikin zance. Yanzu waya kawai yake buƙata, ko babu kati a cikinta.

Babban Bankin Najeriya ne ya yi wa irin waɗannan gata ba da niyya ba. Da aka sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a farkon 2023, har mai ƙosai sai da ta buɗe asusu. Kuɗi sun dawo daga baya, amma "na tura" ta samu wurin zama.

Ku leƙa teburin mai tsire bayan isha'i. Ga Alhaji nan, wanda ko filin jirgi bai taɓa raka wani ba, yana cewa a yanka na dubu biyar, a sa ƙoda, yaji daban. Yana ci yana waya da ƙarfi: "Ka gaya wa Honarabul kwantenar na Apapa, sai Litinin." Ba da Honarabul yake ba, da kunnen mai tsire yake. Da ya suɗe yatsu sai ya nemi lambar asusu, ya danna-danna, ya wulga wayar a gaban idon bawan Allah kamar walƙiya.

"Na tura, ka duba."

"Ranka ya daɗe, bai shigo ba."

"Kai, wannan banki naku! Ni da na tura miliyan uku ɗazu ko minti ba a yi ba?"

Abin da ke ba ni mamaki shi ne wanda ke ba da haƙuri. Mai tsire ne! Shi ne zai sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, netwok ne, je ka kawai." Daɗin bakin Alhaji bai kai kunyarmu yi masa aiki ba, muna ganin rashin tarbiyya ne a tsare mai babbar riga a kan dubu biyar. Amma bari ɗan acaba ya ci na ɗari biyar ya ce ya tura. Makullin babur ɗinsa za a zare, ya zauna a benci har alat ya yi ƙara, ko da za a kai asuba.

Alhaji kuwa ba ya gudu, ɓarawo ne ke gudu. Washegari zai dawo da kansa, fuska a murtuke.

"Malam, ya shigo?"

"Wallahi har yanzu, ranka ya daɗe."

"Lallai! Gobe da kaina zan je wurin manajan. Kafin nan yanka min na dubu uku, a haɗa lissafi."