Saura Ƙiris Dokinmu Ya Ci

A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa harkar caca ba hurumin gwamnatin tarayya ba ce, kowace jiha ta ji da 'yan cacarta. Ba a jima ba Hukumar Hisba ta Kano ta ce za ta bi shagunan caca ɗaya bayan ɗaya tana garƙamewa. Dattawa a majalisu suka yi hamdala, ni ma na taya su. Abin da ya rage mini tambaya ce guda: idan duk inda ake zuba kuɗi a kan dokin da ba ya zuwa za a rufe, kwaɗo nawa za a saya, kuma wane gwarzo ne zai ɗauka ya kai Abuja?

Ga wanda bai taɓa leƙa irin shagon nan ba, kuma dukkanmu mun rantse ba mu taɓa ba, ɗaki ne ɗan tsukuku, labule a ƙofa, a waje an rubuta cajin waya ko gidan kallon ƙwallo. A bango ga talabijin, a ciki dawaki suna ta zuba gudu. Ba na gaske ba ne, na kwamfuta ne. Ba sa cin harawa, ba sa lasar kanwa, ba sa gajiya, duk bayan 'yan mintoci sai su sake jeruwa. Jikokin mutanen da suka san doki daga haƙori har kofato, waɗanda ke bambance akawal da kili da danda tun daga nesa, yau lamba suke kira: "Shida! Taho, shida! Kai, Allah ya isa!" Yaro ya dunƙule tikiti ya jefar, ya dubi na kusa da shi ya ce, "Wallahi saura ƙiris. Da tsawon wuya kawai aka fi shi." Na ƙwallo kuwa wasa goma sha biyu ya jera, sha ɗaya sun shigo, ɗaya ya yanke masa tikiti. Kullum ɗaya ne. Ba a taɓa jin wanda biyar suka yanke wa ba.

Ana ta zagin yaran nan ana cewa ba a san inda suka kwaso wannan hali ba. An sani mana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Doki mafi tsada da ƙasar nan ta taɓa ɗaura wa sirdi sunansa Ajaokuta. A 1979 aka ƙulla kwangilar gina wannan masana'antar ƙarfe da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet, a 1980 Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi. Fili aka ware hekta 24,000 a bakin kogin Kwara, cikin jihar Kogi ta yau, ga tama a Itakpe nan kusa, aka ce zangon farko kaɗai zai riƙa ba da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara. Aka ɗebi samari aka tura Rasha da Indiya koyon aiki. Zuwa 1994 aka sanar cewa aiki ya kai kashi 98 cikin 100. A nan doki ya toge, kuma har gobe a nan yake. Babbar tanderun da za ta narka tama ba a taɓa hura mata wuta ba. Ita kanta Tarayyar Sobiyet ta gaji da jira ta watse tun 1991. Samarin da aka horar sun yi aure, sun aurar, sun yi furfura, da yawansu sun ajiye aiki suna karɓar fansho daga kamfanin ƙarfen da bai taɓa narka tama ya fitar da ƙarfen kansa ba.

Kada a ce ba a yi ƙoƙari ba, an sauya mahaya. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta miƙa linzami ga wani kamfanin Indiyawa, Global Infrastructure. A 2008 gwamnatin 'Yar'aduwa ta ce ya sauka. Aka shiga shari'a shekara da shekaru, har a 2022 Najeriya ta yarda ta biya dala miliyan 496 a kashe magana. Wato mun biya mahayi diyya don ya sauko daga dokin da bai ɗaga ƙafa ba. A 2019 aka je Sochi, Buhari da Putin suka yi musabaha, aka ce wannan karon da gaske ne. A 2023 aka yi wa ƙarfe ma'aikata sukutum da ministanta. A 2024 aka koma Mosko aka sa hannu a sabuwar takarda da kamfanin nan dai na 1979. Duk shekara kuma kasafin kuɗi yana ware biliyoyin naira na albashi, domin doki ko ba ya gudu yana cin dusa. Idan yaro ya sake zuba ɗari biyu bayan ya faɗi, mu ce ya lalace. Idan gwamnati ta sake zubawa, sai a kira 'yan jarida a ce an farfaɗo da masana'antu.

Ƙannensa na Aladja da Jos da Katsina da Osogbo sun ɗan yi zamiya a zamanin Shagari, daga baya aka sayar da su, kowanne da irin tarinsa. Saboda haka ma'aikatar ƙarfe ta gaskiya a ƙasar nan tana yawo ne a lungu da baro da maganaɗisu ɗaure a sanda. 'Yan jari bola ke nan. Rodin da ake ginin bene da shi, mai yawa daga cikinsa tsohon gado ne da mataccen janareto da ƙofar mota da suka tattaro aka narka. Ba su da minista, ba su taɓa zuwa Mosko ba, amma su kaɗai ne a harkar ƙarfe suke kai aiki kashi 100. Wasu ma har wucewa suke yi: a farkon 2025 aka wayi gari murafen kwalbatin titunan Abuja sun yi ƙafa, har hukuma ta hana yawon bola a birnin, ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu.

Doki na biyu shi ne wasanni, kuma shi aƙalla yana gudu, sai dai ana mantawa da rubuta sunansa. A gasar Olamfik ta Tokiyo 'yan tserenmu goma aka hana shiga fili saboda ba a yi musu adadin gwajin da doka ta ce ba. A ta Faris a 2024 Favour Ofili ta cancanci tseren mita 100, aka neme ta a takarda babu, jami'ai suka shiga nuna wa juna yatsa. Ese Ukpeseraye kuwa keken da ta hau aro ta yi wurin Jamusawa. Muka dawo daga Faris ko tagulla babu. A Maris ɗin 2022 Ghana ta zo har Abuja ta yi mana kunnen doki ta wuce gasar cin kofin duniya ta Ƙatar, 'yan kallo suka huce haushi a kan kayan filin wasan da da kuɗinsu aka saya. A Nuwamban 2025 'yan wasa suka ƙi fita atisaye a Rabat saboda bashin alawus, bayan kwanaki Kwango ta fitar da mu a bugun fanareti. Washegari a teburin mai shayi hukunci ɗaya ne: saura ƙiris. Su kuwa 'yan ƙwallon da suka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya a 1994, gidajen da aka yi musu alkawari sai a 2021 aka amince a bai wa yawancinsu. Shekara 27. Rashidi Yekini da Stephen Keshi sun riga sun koma gidan gaskiya.

Amma babban ɗan cacar ƙasar nan ba ya shago, yana kan benci a ƙofar ofishin fansho, da tsohuwar jakar leda cike da takardu. Yaron shago ɗari biyu ya zuba, cikin minti uku ya san matsayinsa. Wannan bawan Allah shekara 35 ya zuba, da ƙuruciyarsa da ganinsa da gwiwoyinsa, kuma har yanzu ba a busa usur ba.

"Sannu da aiki, ɗana. Ina aka kwana kan fayil ɗina?"

"Ai Baba naka ya wuce. Saura sa hannun oga kawai."

"Haka ka ce mini da azumi."

"Wancan ogan an yi masa canji, Baba. Wannan sabo ne, ya ce a sake tantancewa."

"To me zan kawo?"

"Takardar kama aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta ajiye aiki, hoto huɗu, da shaidar kana raye."

"Ga ni tsaye a gabanka, yaro."

"Ni na gan ka, Baba. Kwamfuta ce ba ta gan ka ba."

Tsoho ya tattara takardunsa, ya yi godiya, har da sa albarka. A gida jikoki suka tambaya, ya ce, "An kusa, saura ƙiris." Dokar 2004 ta kawo tsarin adashen fansho, ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10. A takarda abin gwanin kyau. A wasu jihohi kashi 8 ɗin ba ya makara wajen fita daga albashi, 10 ɗin ne yake ɓatan hanya.

Kowa ya san a caca mai shago ba ya faɗuwa. A Janairun 2013 John Yakubu Yusuf ya amsa laifinsa kan kuɗin fanshon 'yan sanda sama da naira biliyan 20, kotu ta ce ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000. Ya biya ya tafi gida cin abincin rana. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da shi shekara shida. Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa ya gyara harkar fansho, daga Yamai aka taso ƙeyarsa, a 2021 aka ɗaure shi shekara takwas kan sama da naira biliyan 2. A Zamfara kuwa, a 2019, tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta wasiƙa yana tunatar da gwamnati naira miliyan 10 da doka ta ce a riƙa ba shi duk wata, abin da ya sa majalisar jihar ta soke dokar cikin gaggawa. Ba a ji an nemi ya kawo hoto huɗu ba.

Kafin mu gaji da yi wa gwamnati dariya, mu waiwayi unguwa. Gidan Alhaji ya shekara goma a linta, akuyoyi sun haihu a falo, in ka tambaya rufi kawai ya rage. Tela a daren salla ya ce saura maɓalli, alhali shaddar ko almakashi ba ta gani ba. Bakanike ya ce gobe i war haka ka zo ka ɗauki motarka, injin kuwa yana ƙasa a kwance. Abokinka ya ce ga shi nan a kwanar gidanku, kana jin ƙarar bokitin wanka ta waya. Duk shekara huɗu kuma mu yi layi a rana, mu karɓi taliya da sabulu, mu sake zubawa a kan dokin da ya kayar da mu, don maroƙa sun ce wannan karon ya sha gyara. Ministan da ke cewa kashi 98 a cikinmu ya tashi. Ya taɓa kai ɗinki, shi ma an yi masa.

Don haka ga shawara kyauta. Turawan Ingila ba su ɓoye-ɓoye ba: a 1928 majalisarsu ta kafa hukumar cacar sukuwa mai suna Tote, tana hannun gwamnati har 2011 da aka sayar wa kamfanin Betfred a kan fam miliyan 265. Mu ma mu huta da wahala. A haɗe ƙarafa da wasanni da fansho a yi musu minista ɗaya, a ba shi ofis a filin sukuwa na Kano. Duk shekara a fito da dawakin a jera su, talakawa su zo kallo, ba sai an sayi tikiti ba tunda mun riga mun biya ta haraji. Malamai su kwantar da hankalinsu, wannan ba caca ba ce, domin a caca wani lokacin ana ci.

Na ma hango ranar buɗewa. Manyan baƙi za su iso da la'asar a taron ƙarfe goma na safe. Za a yi jawabi bakwai, a yanke kyalle, a gabatar da kwamitin da zai duba dalilin da ya sa kwamitin bara bai zauna ba. Dokin wasanni za a tarar ba a yi masa rajista ba. Dokin fansho za a ce ya koma ya kawo shaidar cewa doki ne. Sai a juya ga Ajaokuta, ango, an sha ado. Mahayi ya ɗaga ƙafa zai hau, ya ji wayam: babu likkafa, babu linzami. Tun ana jawabi na uku wani yaro mai baro ya wuce ta bayan rumfa. Kafin magariba an auna a sikeli, kafin mako an narka an zuba rodi. A rubuta ranar a littafin tarihi, domin a ranar ne Ajaokuta zai fara samar wa Najeriya ƙarfe.